Zan bar motata a tsakar gida wata 18: in kwantar da ita ko in bar wa ƙanena makulli?

Malamin Gesse: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin masana mota. Allah Ya nufa na samu gurbin ƙaro karatu a Malesiya, tafiyar wata 18 ce, ƙarshen Afrilu zan tashi in sha Allahu. Damuwata 'yar Corollata ce, ƙirar 2006, mai giya otomatik. Gidanmu a nan Birnin Kebbi babu gareji, a tsakar gida take kwana, gindin dogon yaro. Maiɗakina da yara za su koma Jega wurin iyayenta, gida zai rage daga tsohuwa sai autanmu. Da na ƙirga sai na ga motar za ta sha damina biyu, hunturu ɗaya, bazara ɗaya, duk a fili. Abin da na shirya shi ne in ja hambirki, in lulluɓe ta da tamfol, in bar wa auta makulli ya riƙa tayar da ita duk Juma'a kamar minti goma. Ya kuka gani?

Ɗan Argungu: Wa'alaikumus salam. Allah Ya kai ka lafiya Ya maido ka lafiya, Malam. Amma makulli hannun auta? Ai an ba kura ajiyar nama ke nan.

Dillali: Yallaɓai sayar da ita kawai. Mota ba zinari ba ce da za a binne. In kana so gobe in zo in gani, Corolla ba ta kwana a hannu.

Malamin Gesse: Na yi wannan tunanin. Amma wanda ya sayar da motarsa farkon 2023 da niyyar sayen wata daga baya, tambaye shi ko kuɗin sun sake saya masa irinta. Ba zan sayar ba.

Dillali: To ba na musu a nan. Lambata dai tana nan.

Oga Bakanike: Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, abu uku ka lissafa kuma duka ukun motar za su cuta. Bari in fara da wanda mutane suka fi yarda da shi, wato ɗumama mota a tsaye. Duk bugun da aka yi wa mota ta tashi, wuta mai yawa take zuƙa daga batir. Injin da ke aiki a tsaye minti goma ba lallai ya mayar da abin da aka zuƙa ba, balle abin da ya zube cikin kwana bakwai. To kullum batir ƙasa yake yi. Na biyu, ƙonewar fetur tana haifar da tururin ruwa. In mota ta yi tafiya ta yi zafi sosai, ruwan ya ƙone ya fita. In minti goma ce a tsaye, sai ya kwanta cikin salansa ya fara cinta da tsatsa, wani kuma ya gauraya da baƙin mai. Ka taɓa buɗe murfin baƙin mai ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo? Sau da yawa daga nan yake. Ga taya ba ta juya ba, burki bai motsa ba, man giya bai zagaya yadda ya kamata ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ko dai a hau ta a yi tafiyar rabin awa a kan kwalta duk bayan mako biyu, ko a kwantar da ita gaba ɗaya a bar ta ta yi barcinta.

Malamin Gesse: Oga, ni fa tun ina yaro nake ganin ana ɗumama mota da safe.

Oga Bakanike: Wancan mai shirin fita ne, zai hau ta nan da minti biyar. Kai kuwa ɗumamawar ce kaɗai, babu fitar.

Mai Rewaya: In ƙara a kan ta Oga. Mota ko an kashe ta ba ta daina shan wuta ba. Agogo, rediyo, birenbos wato kwamfutar mota, na'urar rimot, duk suna lasa kaɗan-kaɗan. A ce mili-amp 30 suke ja, a wata guda sun cinye kusan amp 21, wato sulusin batir mai 60. Ga zafin garin nan, shi kansa batir yana zubar da cajinsa ko ba a haɗa shi da komai ba, kuma zafi ya fi sanyi saurin kashe shi. Cikakken batir 12.6 yake nunawa a mita. In ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a haka, farin gishiri yake kamawa a farantan ciki, daga nan ko an kai wa mai caji ba zai riƙe ba. In kwantarwa za a yi, a fara kwance kan da ke da alamar ragi, sannan mai alamar tarawa, a ciro batirin gaba ɗaya. Amma gaskiya Malam, wata 18 ba wasa ba ne. Ni da nawa ne, zan ba wani ɗan'uwa mai mota ya yi amfani da shi, in na dawo in sayi sabo. Ajiye shi a ɗaki ba caji, gawa za ka tarar.

Injiniya: Ko a sa masa ƙaramin falen sola. Rana dai ba mu rasa ta ba a Kebbi.

Mai Rewaya: Yana yi, amma da kwantirola mai daidaita caji. Na ga wanda ya jona fale babba kai tsaye, batir ya tafasa ya bushe ƙaf. Kuma wa zai riƙa share ƙurar falen da hunturu?

Baba Direba: Salamu alaikum. Ɗana, zancen hambirki shi na ka so in yi ma. Shekara talatin da wani abu ina jan babbar mota, Kamba, Yauri, Kontagora har Ikko, ban taɓa aje mota ta kwana biyu bisa hambirki ba. Waigi muka sawa. Wagga mota taka in burkin baya na ganga ne, takalmin burki na manne ma gangar in damina ta ratsa shi. Ranar da kad dawo ka sauke hambirki, mota ta ce ba ta san zancen ba. Mun ga wadda anka ja da igiya tayar baya na jan ƙasa kamar akuyar da ba ta son kasuwa. Ka sa giya a P, ka samu icce ko dutse ka tokare taya gaba da baya. Shi ke nan.

Malamin Gesse: Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. To man fetur fa? Cikawa zan yi ko in ƙarar?

Baba Direba: Ƙarar da abinka. Mi za ka bar ma ɓarayi da rana?

Injiniya: Baba a gafarce ni, a nan ban bi ka ba. Tankin da babu mai iska ce cike da shi, iskar damina kuwa da laima take. Dare ya yi sanyi, rana ta yi zafi, raɓa ta riƙa tsattsafowa a bangon tanki daga ciki. In tankin ƙarfe ne tsatsa ta samu gida. Sannan famfon mai na irin waɗannan motocin a cikin tanki yake zaune, man ne ke jiƙa shi. A bar shi a bushe shekara da rabi, yana iya ƙamewa.

Baba Direba: To shi man da kac cika, zama zai yi yana jiran Malam ya gama digiri? Fetur ba gas ba ne ɗana. Buɗe galan ka aje wata uku ka shinshina.

Injiniya: Nan kuma Baba ya yi gaskiya. Fetur daga wata uku zuwa shida yake fara lalacewa, a zafinmu ma ya fi sauri. Mai saurin kamawar ya tashi, ya bar wani danƙo mai warin tsohon fenti, shi ke toshe nozil. Akwai maganin da ake zubawa a tanki ya riƙe man shekara ko fiye, in an samu na kirki. Zuba shi ake yi, a cika tanki, a yi 'yar tafiya don ya ratsa har nozil.

Oga Bakanike: Ku biyun duk kun faɗi rabi-rabi. Tankin Corolla lita 50 ne, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san lita 50 ba abin da ake zubawa a manta ba ne. Amma ku kwatanta da kuɗin famfon mai da wankin nozil da sauke tanki. Ni abin da nake gaya wa masu tafiya: a cika, a sa maganin in an samu. In an dawo kada a buga mota a kan tsohon man, a fara tsiyaye kaɗan a kwalba a duba. In ya yi ja yana wari, a zuƙe shi duka. Kuma kafin ka tafi ka zo a yi juye, a canza filta. Tsohon baƙin mai yana da tsami a cikinsa, ba a barin inji ya kwana a ciki wata da watanni. Sannan lagireto: in ruwan famfo kake zubawa kamar yawancinmu, a zubar a sa kulan na gaske, wato ruwan sanyaya inji. Ruwan rijiya a inji shekara da rabi, jar laka za ka tarar.

Hajiyar Jega: Sannunku da ƙoƙari. Duk kuna ta inji da batir, ba wanda ya ambaci mai gidan na gaskiya, wato ɓera. Lokacin da Alhaji ya yi jinya, motarsa ta yi wata bakwai a ƙofar ɗakin ajiyar hatsi. Ranar da aka buɗe bonet, gida guda muka tarar, uwa da 'ya'ya, sun yi katifa da soson jikin bonet ɗin. Wayoyi kuwa kamar an ba yaro rake. Mai gyara ya yi kwana huɗu yana bin waya ɗaya-ɗaya, har yau fitilar nan ta dashbod ba ta mutu ba. Kuma laifinmu ne, ɓawon gyaɗa da guntun biskit na jikoki duk suna ƙarƙashin kujera. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka share cikinta tas, Malam, har but. Kada ka ajiye ta kusa da buhun gero ko shinkafa.

Mai Rewaya: Hajiya kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Rabin aikin da ke zuwa mini bayan damina na ɓera ne. A cusa soson ƙarfe, irin na wanke tukunya, a bakin salansa da bakin bututun da iska ke shiga inji, ɓera ba ya son tauna shi. Amma a rubuta a takarda a manna a sitiyari cewa an toshe, don kada a manta a tayar a haka. Kafur yana ɗan taimakawa, sai dai yana narkewa, sai an riƙa sabuntawa. Guba kuma ban ba da shawara ba. Ya ci ya je ya mutu cikin bututun esi, wannan warin sai ka sayar wa Dillali da motar.

Dillali: Ko ni ba na saye.

Ɗan Argungu: Kyanwa ɗaya ta fi kafur kwali goma. Ga zanzaro ma, duk ramin da ya gani sai ya gina ɗaki. Mu nan har maciji munka taɓa fiddawa daga bonet.

Hajiyar Jega: Wani abu kuma, wannan ba na wasa ba ne. Ka kulle ƙofofin nan huɗu da but, ka tabbatar da hannunka, musamman in an cire batir rimot ba ya aiki. Yara suna shiga motar da aka ajiye suna wasan ɓuya, ƙofa ta rufe da su. Da rana irin ta Afrilu, waje yana 40 da wani abu, cikin rufaffiyar mota yana haura 60. Mun sha jin labarin nan a rediyo, ba sau ɗaya ba. Gidanku ko babu yara, maƙwabta suna da su.

Malamin Gesse: Subhanallahi. Wallahi Hajiya wannan bai zo mini a rai ba sam. Allah Ya saka da alheri. To saura tamfol, Oga ka ce shi ma laifi ne.

Oga Bakanike: Tamfol ba ya numfashi. Da damina ƙasa tana fitar da laima, ta tashi ta maƙale tsakaninsa da jikin mota, rana ta dafa. Fenti ya yi dabbare-dabbare, ciki ya yi fumfuna. Da hunturu kuma ƙura ta shiga ƙarƙashi, iska tana kaɗa tamfol yana goga ta a jikin fenti dare da rana, kamar ka ɗauki samfefa. Kan bonet da gefen rufi za su fara nunawa. In rufi kake so, akwai rigar mota ta yadi mai barin iska ta ratsa, a wanke motar a shafa mata man fenti kafin a sa, a ɗaure ta tsam. Amma ita ma ranar Kebbi za ta cinye ta kafin ka dawo. Abin da ya fi duka rumfa ce. Ginshiƙi huɗu, kwano ɗan kaɗan, an gama.

Ɗan Argungu: Ko ta zana, ta fi arha.

Baba Direba: Zana gara ta ka kira, kuma tartsatsi guda daga murhu ya isa. In za a yi a yi ta kwano, a kafe ta da kyau, don iskar farkon damina ba ta da kunya.

Malamin Gesse: Ai ina ganin inuwar dogon yaron ta wadatar.

Injiniya: Ita ce ma za ka fara gudu. Kashin tsuntsu yana cin fenti in ya kwana biyu a rana. 'Ya'yan dogon yaro su faɗo su ruɓe a kai. Ganyen kuma ya taru a ramin da ke ƙasan gilashin gaba, wurin waifa, ya toshe magudanar. Ruwan sama ya rasa hanya sai ya bi ta bututun iska ya sauka a kafet ɗin gaba. Mota a rufe, kafet a jiƙe, wata uku. Ka ƙiyasta. Ga reshe in hadari ya taso. Sannan ka dubi inda ruwa ke kwanciya a gidan a watan Agusta, kada ka duba da idon Afrilu. Wanda ya ga ruwan 2020 da ya shafe shinkafar fadama ya san ruwa ba ya tambayar hanya. Nesa da indararo, nesa da katangar ƙasa, kuma kada a bar ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta: da damina laima, da rani makamashi.

Ɗan Argungu: To a ɗora ta bisa bulo mana, kamar yadda ake yi a da.

Oga Bakanike: Mai son ya sauƙaƙa wa ɓarawon taya aiki ya ɗora. Kuma in wani abu ya taso, gobara ko ruwa, ba a iya tura ta. Ni na fi son a kai wa mai faci ya ƙara iska ta ɗan haura yadda aka saba, kada dai ta wuce adadin da aka rubuta a gefen tayar. A shimfiɗa katako ko a zuba tsakuwa, kada taya ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa. A kare su daga rana ko da kwali ne. Taya tana rage iska da kanta a hankali, in ta zauna a saɓe gefenta ya tsage, wurin da ya taka ƙasa ya baje. Malam duba gefen tayarka, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, mako na 23 ne a 2019. In sun riga sun tsufa, kada ka wahalar da kanka, sabbi za ka saya in ka dawo.

Malamin Gesse: Na fita na duba da fitilar waya. Biyu na gaba 2021, na baya kuwa ba zan faɗa a cikin jama'a ba. To na yanke shawara: kwantar da ita zan yi. Juye, kulan, cika tanki, cire batir, waigi, soson ƙarfe, rumfar kwano a can gefen yamma inda ƙasa ta fi tudu. Waifa zan cire in sa a ciki, gilashi in sa masa kwali saboda dashbod. Makulli kuma ya tafi Jega.

Autan Gida: Salamu alaikum. Yaya, ina cikin guruf ɗin nan fa, kai ka saka ni bara. Tun ɗazu ina karantawa, har da kurar da aka kira ni.

Ɗan Argungu: La'ilaha illallahu. Auta a yafe ni, ban san kana kusa ba.

Autan Gida: Ba komai. Tambaya ɗaya gare ni. In hawan jinin Inna ya tashi ƙarfe biyun dare kamar na watan azumi, motar tana kan waigi, babu batir, salansa a toshe, makulli yana Jega, a me zan kai ta asibiti? A bayan mashin?

Hajiyar Jega: Yaron nan ya fi ku gaskiya duka.

Baba Direba: Mu munka tsaya kallon ƙarfe munka mance da tsohuwa. Malam, ba ka hwaɗa muna tana da lalura ba.

Malamin Gesse: Ban kawo shi a lissafi ba Baba, kaina ya tafi wurin fenti da batir. Oga, in haka ne ya za a yi?

Oga Bakanike: Ai ya fi mini sauƙi, don motar da ake hawa ta fi wadda aka kwantar lafiya. Rumfa tana nan, waigi yana nan, shara da kulle ƙofa suna nan. Batir ya zauna a wurinsa, soson ƙarfe a bar shi a kicin. Duk mako biyu auta ya hau ta zuwa Jega ya gaida yara ya kai musu abin da aka aika, ya dawo. Wannan tafiyar ta isa ta cika batir, ta ƙone ruwan salansa, ta goge tsatsar burki. Ya kunna esi a hanya ko minti goma ne don robobinsa kada su bushe. Mai kuma rabin tanki ya wadatar tunda ana sabunta shi, amma kada ya sauka ƙasa da kwata, saboda irin daren da ya faɗa. Duk wata shida ya kawo mini ita a yi juye ko ba ta yi nisa ba. Kuma tayoyin bayan nan da ka ɓoye mana shekarunsu, a canza su kafin ka tashi.

Injiniya: Kuma duk ƙarshen wata ya turo maka hoton mitar tafiya. Jega da dawowa sau biyu lissafinsa a bayyane yake. In ka ga ta kai Sakkwato, ka san an yi biki.

Autan Gida: Na yarda. Amma kuɗin mai a kan wa?

Malamin Gesse: A kaina, na Jega kaɗai. Na zance kuma a kanka.

Dillali: Kada ku manta takardu tunda za ta hau titi. Shekara guda suke yi, za su mutu kana can. Inshorar nan ta dole ma tun Janairun 2023 ta koma naira 15,000 daga 5,000. Ka bar masa kwafi da kuɗin sabuntawa, in ba haka ba 'yan bi'ayo masu duba takardun mota su ajiye maka ita a nasu filin, can kuwa babu rumfa.

Malamin Gesse: Madalla, na rubuta. Oga zan shigo ranar Asabar da safe. Auta, tunda ana zancen takardu, lasisinka na tuƙi yana da rai kuwa?

Malamin Gesse: Auta?

Ɗan Argungu: Yana kan layi fa, ina ganinsa.